Takardar da Mahaifina Ya Ƙi Nema

Shekaruna tamanin da huɗu a bana, abin da zan faɗa kuwa ya haura shekara sittin, tun muna sabbin shiga mulkin kai.

A layinmu na Zongo a Yamai, riga ba ta fita unguwa kafin ta kammala. Mai ƙyalle yana bakin layi, mahaifina maɗinki yana biye da shi, ni ina aikin wuya da allura a zaurensa, masu bugun riga suna ƙarshe. Baƙo daga Tawa zai shigo da safe, ya bi ƙofa uku, ya tafi da buƙatarsa. Cunkoson nan shi ne arzikinmu, ko da yake babu mai zanen taswira da ya taɓa tambayarmu.

Filin zaurenmu wani dattijo Bazabarme ne ya ba mahaifina, da baki da goro, gaban liman. Da aka fara zancen lotisma, wato yanka gari fili-fili, na roƙi mahaifina mu je biro, ofishin hukuma, a rubuta mana takarda. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, in nemi takarda a kan maganar dattijo? Ai na ƙaryata shi ke nan yana raye."

Bayan damina sai ga wani mushe, wato ma'aikacin gwamnati, da igiyar awo da turakun siminti. Masu takarda suka zauna. Mu aka ce ba a san da mu ba. Dattijon ya zo da sandarsa ya ba da shaida, mushen bai ko ɗaga kai daga littafinsa ba. Ya ce mu gode, don filin da za a ba mu a bayan gari ya ninka namu uku.

Ya ninka kuwa. Sai dai gero ne maƙwabcinmu gabas da yamma. Wa zai ɗauko ƙyalle ya yi tafiyar awa guda saboda faɗin tsakar gida? Layin ma da muka bari ya gurgunce, domin an cire masa maɗinki daga tsakiya. Mahaifina, wanda alhazai ke jira a zaurensa, ya ƙare yana facin wandunan leburori. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ba zan faɗa ba. Wanda ya auna ƙasa bai auna sana'a ba, shi ne mai laifi.

Ranar da kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe keken ɗinkinmu, ƙanwata tana tsaye tana gani, har yau tana nan unguwar Harobanda da ranta. Ɗan mai ƙyalle ma ya gani, shi ya kama mini ƙafar keken.