Makokin da Mama Ta Tarar

Wata Laraba ce a ƙarshen watan Janairu, shekarar da nake aji huɗu na firamare, muna cikin hutun tsakiyar shekara. Baba ya aike ni sayen burodin baladi, gurasar Misirawa, a bayan layinmu a Hadayek el-Ma'adi, na dawo da shi da zafinsa rungume a ƙirji, domin sanyin Alƙahira na wannan lokacin ba ruwansa da rigar sanyi. Ina hawa bene ina gutsurar gefen guda ɗaya kamar yadda na saba, sai na tarar da takalman mata jibge a ƙofarmu, silifa da takalman roba har sun tare hanya. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Ko a waɗannan shekarun na san abu biyu ne ke tara takalma haka a ƙofar Bahaushe, suna ko rasuwa, mu kuwa ba a yi mana haihuwa ba. Tun ranar Lahadi ya kamata Mama ta dawo daga wani tsibiri na ƙasar Girka, ga shi har Laraba babu ita babu labarinta.

Mu mutanen Maraɗi ne. Karatun addini ya kawo Baba Masar, kullum yana cikin ƙaramar motar haya ta mikrobas tsakanin gida da makarantarsa a Madinat Nasr da littattafai a hammata. Mama kuma ta samu aikin kula da wata tsohuwa 'yar Girka a Ma'adi, Madam Eleni, wadda a Masar aka haife ta amma hankalinta na can wani ƙaramin tsibiri inda iyayenta suka bar mata gida da gonar zaitun. Tsohuwar nan ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Da yanayi ya juya sai ta hau haɗa akwati, kuma ba ta yarda kowa ya riƙe mata hannu a hanya sai Mama. Su hau jirgin sama zuwa Atina, daga can su shiga jirgin ruwa ya kai su tsibirin, su yi mako biyu ko uku su dawo.

Ni da ƙanena Sadiku ba mu taɓa taka tsibirin ba a lokacin, amma mun san shi ciki da bai daga jakar Mama. In ta dawo da busasshen ɓaure da katantanwar teku, to lokacin zafi ne, lokacin da gari ke cika maƙil da baƙi har wurin aje ƙafa ya yi wuya. Ta ce za ka gan su kwance a bakin ruwa sun shafe jiki da mai, kamar naman da aka shanya za a yi kilishi. "Mutum ya biya kuɗin jirgi don rana ta gasa shi," in ji ta, "su zo Maraɗi mana, kyauta ne." In ta dawo da ƙwai rinanne ja wur, to bikin Istarsu aka yi, duwatsu sun yi kore shar, an banƙare raguna ana gashi a tsakar gida sai ka ce babbar sallarmu. In kuwa gwangwanin mai ne ta rinƙa ja a matakala tana nishi, to kaka ce, baƙi sun watse, an shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiyoyi ana kaɗe zaitun da sanda. Tsakiyar hunturu ne kawai ba su taɓa zuwa ba sai a wannan shekarar, da aka kira Madam aka ce yayarta ba lafiya.

In Mama ba ta nan ni ce uwar gida, kuma wallahi ina ji da kaina. Ni ke zura kwando da igiya daga baranda in sayi tumatir da albasa, ni ke kasa kunne in ji mai gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, ni ke kai wanki saman bene in shanya. A can saman muke zana 'yar gala-gala da alli, mu da 'ya'yan Sudan da na Iritiriya, tantabarun maƙwabcinmu suna ta shawagi a kanmu, har sai an kira magariba. Baba ne ke girki, in dai za a kira wannan girki: dafaffen waken nan na Misirawa, ful da safe, ful da rana, ranar da ya ce zai yi mana tuwo kuwa da cokali muka sha shi. A filin makaranta ba ni da aiki sai cika baki cewa uwata tana zuwa Yunan, kamar yadda Misirawa ke kiran Girka, ina ba da katantanwa ana gutsura mini burodi da ta'amiya, ƙosan Misirawa.

Sai dai a benenmu, in aka ce wane ya tafi Girka ta ruwa, magana ɗaya ake nufi. Samari da yawa sun kwana a ɗakunan ƙasa kafin su bi masu tsallakar da mutane a ɓoye cikin ƙananan jirage, wasu sun kira daga can, wasu shiru. Gwaggo Zahra'u, Bahaushiyar Sudan da ke ƙasa da mu, ɗanta Idirisu yana cikin waɗanda aka ji shiru. Sau nawa Mama ta zaunar da ita tana yi mata bayani cewa nasu jirgin ya fi benenmu girma, har manyan motoci yake haɗiyewa, kuma da takarda suke shiga a gaban kowa. Gwaggo ta girgiza kai kawai ta ce, "Rabi, ruwan dai ɗaya ne." Duk tafiyar da Mama za ta yi sai ta tofe ta da addu'a a bakin matakala, duk dawowa kuma sai ta ja ta gefe ta tambaye ta ko ta ga wani dogon yaro mai wushirya.

To, a makon nan talabijin ya yi ta nuna guguwa a teku, igiyar ruwa tana tashi tana dukan gaɓa. Gwaggo ta gani, ta faɗa wa ta kusa da ita, kafin ka ce me magana ta zagaye bene. Shi ne na shigo da burodina na same su zaune a kan tabarmarmu, kowa da carbi, an kawo shinkafa da sukari da ganyen shayi an tara a kusurwa. Ba wadda ta furta kalmar, amma kallon da suka yi mini ya ishe ni. Wata ta jawo ni ta shafa kaina tana cewa "Allah sarki," wata ta ɗora Sadiku a cinya tana ba shi alewa, shi kuwa sakarai yana ta murna. Baba ya fito daga ɗaki ya durƙusa ya gaishe su, ya ce cikin ladabi, "Gwaggo, ba a yi mana mutuwa ba a gidan nan." Amma na ji yadda muryarsa ta karye a ƙarshen maganar, kuma daga nan ne tsoro ya kama ni da gaske.

Kwanakin da suka biyo baya ban so in tuna su. Kowace safiya Baba ya tafi shagon waya ya buga lambar gidan Madam na tsibirin, ko ƙara ba ta yi. Ya je gidanta na Ma'adi, mai gadi ya ɗaga kafaɗa ya ce ma'alesh, wato sai haƙuri, shi ma bai ji komai ba. Matan kuwa suna zuwa da hantsi su tashi da la'asar, suna yi mana shara da girki, suna magana ƙasa-ƙasa. Haushinsu nake ji kamar in kore su, ga shi in sun tafi gidan ya yi mini faɗi. Na daina 'yar gala-gala. In na hau shanya sai in tsaya a bakin katanga ina ƙirga motocin da ke shigowa layi, ina yi wa Allah alkawuran da ban iya cikawa: ba zan ƙara dukan Sadiku ba, ba zan ƙara gutsurar burodin aike ba, Ya dai maido mini da ita.

Ranar Asabar da la'asar ina kwashe shanya, sai wata tasi ta tsaya a ƙofar bene. Wata mata ta fito cikin ƙatuwar kwat ta maza har gwiwa, tana ja-in-ja da direba kan akwati. Ban ga fuskarta ba, ɗaurin ɗankwalin na gane. Na watsar da kayan mutane a ƙasa na kwasa da gudu, amma ina, ta riga ni isa ƙofarmu. Na hango ta daga saman matakala ta yi cak tana kallon takalman nan. Jakar hannunta ta suɓuce, ta dafe ƙirji ta saki salati, ta banka ƙofa tana ihu, "Wa ya rasu? Ina Malam? Ina 'ya'yana?" Ta cafko Sadiku ta shafa shi sama da ƙasa, ta waiwayo ta gan ni, ta ga Baba tsaye da buta a hannu baki buɗe. Ta sake tambaya, wa ya rasu? Gwaggo Zahra'u ta miƙe da ƙyar, hawaye na bin fuskarta, ta ce, "Ke ce, Rabi."

Kai, ban taɓa ganin ɗaki ya rikice haka ba. Masu kuka suna dariya, masu dariya suna kuka, wata ta rangaɗa guɗa har Misirawan sama suka leƙo. Ni dai na cusa fuskata cikin kwat ɗin nan mai warin hayaƙin itace na ƙi saki. Da aka natsu Mama ta ba da labari. Ashe in iska ta tashi a hunturu, hukumar tashar ruwa ce ke hana kowane jirgi motsi har sai ta lafa, abin da mutanen tsibirin suka saba da shi tun kakanninsu. Guguwar ta kayar da turakun waya da na wuta, gari ya zama sai tsofaffi da kyanwoyi, kantunan baƙi duk a garƙame. Su kuwa suna zaune a gaban murhu suna shan miyar wake, yayar Madam ma ta samu sauƙi. Daga nan Mama ta dubi shinkafar da aka tara a kusurwa, ta riƙe ƙugu ta hau faɗa: ita tana can har ƙiba ta yi, an zauna nan ana cin shinkafar makokinta, an tsorata mata yara, kuma wa ya ce a taɓa mata tukunyar da take ɓoyewa? Kowa ya sha nasa, har Baba, yana ta murmushi kamar ana yabonsa. Da mata suka fara watsewa, na ga ta riƙo hannun Gwaggo a bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Ban ga Idirisu ba, Gwaggo, amma na duba."

Yanzu na girma, aiki ya kai ni tsibirin nan da ƙafata, na gan shi a cike da baƙi, na gan shi a hunturu ba kowa sai iska. In za a hana jirgi tashi, saƙo ne ke shigowa wayata tun kafin in ɗaura takalmi, in tura wa Mama murya a Maraɗi, ta amsa da "tamam" irin na Misirawa, wato ba komai, ta ci gaba da abin da take yi. Ba wanda ke zaman jiran kowa irin wancan, kuma na gode wa Allah da hakan. Amma Gwaggo ta rasu, matan benen kowacce ta kama gabanta, ban san ko akwai sauran masu hawa matakala da shinkafarsu don 'ya'yan maƙwabciya ba. Har yau ban ji magana mai daɗi a kunnena kamar faɗan da Mama ta yi mana a wannan la'asar ba.