Ƙafa Ɗaya a Gaban Baba Dauda

Duk wanda ya san surukina Baba Dauda kafinta ya san ba ya amsa tambaya a tsaye. Ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya yi maka kallon ɓarawo, ya nemi wurin zama tukuna.

Asalin abin, yana buga kwanon rufi a wani gini a unguwar Tumfure, mai gidan ya ɗaga murya daga ƙasa: "Baba, katako nawa ya rage?" Yana cikin lissafi ƙafa ta goce, sai ga shi tim a kan yashi. Har ya bar duniya bai yarda tsautsayi ba ne. Cewa yake, "Mai gidan ya san kan mutum ba ya aiki biyu. Da gangan ya yi."

Daga nan ya gano wai maƙaryaci tunani biyu yake yi, gaskiyar da ya ɓoye da ƙaryar da yake ƙerawa, don haka dole ya yi tangaɗi. Shi ke nan, jama'a suka shiga uku: duk wanda Baba zai yi wa tambaya sai ya sa shi ɗaga ƙafa ɗaya. Mai kifi ma sai da ya tsaya da ƙafa ɗaya kafin ya ce na yau ne.

Ranar da na je neman auren 'yarsa Rifkatu, ƙafata ta yi sanyi a keke tun daga unguwar Malam Inna.

"Ɗaga ƙafa, Ishaya. Kana shan burkutu?"

"A'a, Baba."

Sai na tafi luu, na rungumi randa. Ni da ko warin burkutu ba na so! Ya ba ni matar, amma shekara ashirin in na zo sai ya sansana iska. Abin ya ci mini rai ƙwarai, ba abin da nake nema wurinsa kamar ya yarda da maganata sau ɗaya.

Har wani maƙwabci ma'aikacin asibiti na ɗauko, ya bayyana masa cewa mai gaskiya ma in hankalinsa ya rabu jikinsa kan karkata. Baba ya jira ya fita.

"Ka lura da yake maganar yana dafe da bango?"

Bara ciwo ya kwantar da shi. Likita ya ja ni gefe ya ce saura kwanaki. Na koma na tsaya a bakin gado.

"Me ya ce, Ishaya?"

Na shirya ya ce in ɗaga ƙafa. Sai ya juya fuska bango, ya rufe ido.

"Faɗi, ina jinka."

"Ya ce za ka warke, Baba."

"To, na yarda, ɗana."

Ita ce ƙarya ɗaya tak da na taɓa yi masa. Ubangiji ya gafarta mana ni da shi, ya ba bawansa hutawa.