Ranar da San Taubashina Ya Kumbura a Kasuwar Guci

Da tire ɗaya na batura na fara sana'ar salula, ina bin kasuwanni a ƙafa. Yau ina da rumfa a Dungas, ina da moto, kuma kasuwar Guci ba ta wuce ni. Abin da na koya tun da wuri shi ne mutum ba don robar waya yake saye ba, don abin da ka nuna masa tana yi ne. Saboda haka duk wanda ya saya a hannuna sai na kunna masa wani abu kafin ya tafi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Wani in sa kiransa ya riƙa komawa wayar ƙanensa in ya shiga dajin da babu rezo, inda waya ba ta kamawa. Wani in nuna masa yadda zai hana lambarsa fita. Shi ne gyaran da nake ba mai saye, kamar yadda mai hatsi ke ƙara maka dintsi bayan ta cika tiya.

Gyaran da na ba taubashina shi ne wanda muke ce wa dubul apel. Kana cikin magana da mutum, wani ya kira ka, maimakon ya ji layi a cike sai wayar ta yi maka ƴar tsiwa a kunne. In ka danna kore, na farko ya tsaya jira, ka yi magana da na biyu, in kun gama ka komo. Na danna tauraro, huɗu, uku, da diyez, alamar nan mai kama da tsani, shi ke nan na kunna masa. Ban yi tunanin wane ne na kunna wa ba.

Ɗan gwaggona ne, ya girme ni da wajen shekara goma. Shi yana ce mini bawa, ni ina ce masa bawa, har yau ba a raba gardamar ba. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Guci, yana da amalanke da sa ɗaya, fari mai baƙin wuya. San nan shi ne ruwan gidansa, shi ne takin gonarsa, shi ne kwasar amfani da kaka, shi ne kuma motar kai mai naƙuda likita. Amma ba da sa aka san taubashina ba, da gaisuwa aka san shi. Zai tambaye ka gida, da gajiya, da ruwa, da iyali ɗaya bayan ɗaya, da kaji, da ciwon ƙafar da ka yi bara waccan ka manta. Mutanen ƙauyensu in sun hango shi a hanyar gona sukan ratse ta cikin dawa.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, wake ya yi yaɗo. Taubashina ya kawo kayan mutane kasuwa da sassafe, ya kwance san, ya ɗaure shi a gindin gawo bayan rumfunanmu, ya tafi gaisuwa. Igiyar ta zame. Gefen wurin gonar wake ce ta wani ɗan'uwanmu, ganyen jiƙe da raɓa. Kafin hantsi san ya ci iya cinsa, cikinsa ta hagu ya tashi kamar ganga, yana tsaye ƙafafu a ware yana nishi, miyau na zuba.

Mutum na farko da ya iso bayan mu mahauci ne. Bai ce a sayar masa ba. Ya zauna a kan saiwar gawon, wuƙarsa naɗe a tsumma, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Sannan ya ƙara da cewa in dabba ta kai ƙasa shi ba ya jira, domin mushe ba ya amfanin kowa. Gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya san naman yankan gaggawa ba ya sayo ko ɗan maraƙi.

Kasuwa cike take da masu magani, kowa da nasa, amma taubashina ya ce ba wanda zai taɓa san sai da bakin Bafillacen da ya rene shi tun yana maraƙi. Mutumin yana can wata rijiya wajen Mallawa, inda waya ke kama rezon Nijar yanzu, an jima ta tsallaka ta kama na Najeriya. Sau shida muna kira kafin ya shiga. Da ya ɗauka, abin da ya fara faɗa bayan amsa sallama shi ne batirinsa ya yi ja, a yi sauri.

Taubashina ya ce to, sannan ya fara daga farko. Ya tambayi shanu, ya tambayi makiyaya, ya tambayi zurfin rijiyar. Bafillacen shi ma mutumin kirki ne, ba ya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa, kowace sai ya amsa ya mayar da tata. Ina tsaye ina cizon yatsa. Sai da suka ƙare tsaf taubashina ya gyara murya ya ce abin da ya sa ya kira shi, san nan ne. A nan wayar ta yi tsiwa.

Ya cire ta daga kunne ya duba, ya danna kore. Maƙwabcinsa ne daga ƙauye, labari ya riga ya kai can. Aka yi gaisuwa cikakkiya, aka yi jaje, aka ba maƙwabci labarin igiya da gawo da gonar wake, labarin da Bafillacen bai ji ko kalma ɗaya ba tukuna. Da suka gama ya komo kan na farko, na ji ya ce salamu alaikum, yaya shanu.

Na ce masa ai ya riga ya gaishe shi.

“Na fita na bar mutum a tsaye,” in ji shi, “in dawo in jefa masa magana ba sallama? Kai dai bawa ne, ba a gidan mutunci ka tashi ba.”

Na tuna masa gidan da na tashi a nan aka haifi uwarsa. Bai ji ni ba, yana tambayar zurfin rijiya karo na biyu.

Da tsiwar ta sake zuwa na riƙe hannunsa, na ce ya ƙyale ta, in an gaji za a bari. Ya dube ni kamar na ce ya ci da hagu. A wurinsa tsiwar nan sallama ce a ƙofar gida, amsa sallama kuwa wajibi ne. Na ce masa inji ne kawai ke kuka. Ya ce bayan injin akwai Musulmi a tsaye. Ya fizge hannu ya danna. Wannan karon wani abokinsa ne da ke cikin kasuwar nan, a rumfar masu kanwa, muna hango hularsa. Yana tambaya ne a wane gefe muke. Taubashina ya ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, amma ba wanda ya kashe waya sai da suka tambayi juna iyali.

San ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Mahauci ya miƙe ya kwance tsumma, ya roƙi mutum biyu su taimaka a juya kan dabbar gabas, don ko-ta-kwana, in ji shi. Na dubi taubashina, gumi na zuba daga hularsa, amma bakinsa na cewa madalla, madalla, yaya ƙwarin jikin tsoho. Tsoro yake ji ƙwarai. Sai dai bai san wata hanyar shiga magana ba in ba ta ƙofar gaisuwa ba, kuma ni ne na buɗe masa ƙofa ta biyu.

Kashe dubul apel ɗin ba wuya, numfashi ɗaya ne. Amma sai an katse kiran da ake ciki, mu kuwa da ƙyar muka samu Bafillacen, in ya tafi ba mu da tabbacin sake samunsa. Ina cikin wannan lissafi tsiwa ta uku ta zo. Na leƙa fuskar wayar, na ga lambar gidan da gwaggona ke aron waya. Uwarsa ce. Wannan ko sarki ne a layi sai ya jira.

“Tsaya,” na ce masa. “In ka shiga zaure ka iske mutum biyar, sallama nawa kake yi?”

“Ɗaya.”

“Wanda ya shigo ana tsakiyar magana fa?”

“Ya nemi wuri ya zauna, ya yi shiru har a gama.”

“To ba ni wayar in gina maka zaure.”

Ya ba ni, ba don ya yarda da ni ba, sai don maganar ta hau kan ƙa'idarsa. Na amsa kiran gwaggo, na shiga inda ake haɗa kira, na gama ta da Bafillacen a layi ɗaya, na buɗe muryar wayar kowa ya ji. Nan take wani kiran ya shigo, yayan matarsa ne, shi ma na jefa shi ciki. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har na dubi jama'a don su shaida.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen zauren su ma sun san juna. Yayan matar ya ji muryar gwaggo, ya durƙusa mata da baki, yana tambayar ƙafa da ido. Bafillacen ya gane tsohuwar da ta taɓa ba shi fura shekarun baya, ya shiga godiya. Taubashina yana tsakiya yana amsa wa kowa. Dā gaisuwa ɗaya ce ke cin batirin, yanzu sun zama huɗu a lokaci guda.

Na kai bakina kan wayar na ce, “Gwaggo, ni ne. Mahauci ya zare wuƙa.”

Gwaggona ta haura tamanin a lokacin, ta kai shekarun da gaisuwa ke jiranta, ba ita ke jiran gaisuwa ba.

“Kowa ya rufe mini baki,” ta ce. “Kai ma da na haifa. Bafillace, faɗi.”

Bafillacen ya faɗa a numfashi biyu, kamar dā ma izini yake jira. A ɗura masa man gyaɗa kwalba guda, a hankali kada ya shaƙe. A gitta masa sanda a baki a ɗaure ta baya ga ƙaho, ya yi ta taunawa. A tsai da shi ƙafafun gaba a kan tudu, a murza cikin ta hagu, in ya samu ƙarfi a zaga da shi, kada a bar shi ya kwanta. Ya fara addu'a, bai kai ƙarshenta ba wayarsa ta mutu.

Mai tuyar ƙosai da ke kusa ta ba da kwalbar man da ba ta buɗe ba. Sandar ta wani tsoho ce da ya zo kallo, an karɓa kafin ya gama tunani. Ɗurawar ce ta gagari mutane, san yana kaɗa kai, mai yana zuba a rigunanmu. A ƙarshe mahauci ya yi tsaki, ya ajiye wuƙa, ya kama hancin dabbar da hannu ɗaya ya ɗaga, ya ɗura man sarai ba ɗigo a ƙasa. Ba wanda ya kai shi sanin maƙogwaron sa a kasuwar nan. Muka tura shi kan tudun ƙasar da aka tara don gini, ni da taubashina muna murza ciki, wayar na aljihun rigarsa a buɗe, an manta da ita.

Mun ɗan jima a haka. Sai san ya miƙe wuya ya yi wata gyatsa mai tsawo, wadda ta sa tumakin da ke ɗaure a gefe suka tsinka igiya. Warin ɗanyen wake ya watsa ƴan kallo. Ya sake yi, cikin ya fara saki a ƙarƙashin hannunmu kamar salkar da aka kwance. Daga cikin aljihu muka ji muryar gwaggo tana tambaya, san ne wannan ko ɗanta. Aka ce mata san ne. Ta ce to alhamdu lillahi, a gaida kowa, ta kashe.

Mahauci ya naɗe wuƙarsa, ya dubi dabbar sama da ƙasa, ya ce dā ma ba ta da wani kitse.

Da la'asar san yana tsaye da ƙafafunsa yana tuƙa. Ba mu ɗaura masa amalanke ba, aka bar ta a bayan rumfunanmu har wata kasuwar. Kafin su kama hanya taubashina ya miƙo mini wayar. Na danna diyez, huɗu, uku, diyez, na kashe dubul apel ɗin. Ya tambaye ni, yanzu in yana magana wani ya kira, me mutumin zai ji. Na ce zai ji layi a cike, sai ya sake kira daga baya. Ya juya maganar, ina jiran ya ce a mayar masa. Sai ya ce ashe kamar mutum ne ya zo ya iske takalma a ƙofar ɗaki, mai hankali ya san akwai baƙo, ya juya ya dawo an jima. Na ce haka ne. Ya ce to wannan ba rashin kunya ba ne, a bar shi haka.

Ya ja igiya suka tafi, shi a gaba, san a baya, wuyansa na sheƙin mai, suna tafe a hankali kamar masu komowa daga likita. Da kaka san nan ya kwashe geron gidansu kaf, ya kuma kwashe waken gonar da ya yi wa ɓarna, kyauta, bakinsa a ɗaure da takunkumi.