Gilashin da Likita Ta Ƙi Rubuta wa Mama

Ɗazu na tarar da Mama tana zura zare a allura, sai na tuna wata likitar ido a Sabon Gari.

Ina ɗalibi a Samaru, farkon shigowar wayar hannu, na kai mata tsohon gilashin Mama, na ce a ƙara masa ƙarfi.

"Ina mai idon?"

"Tana ƙauye, likita."

"Ɗana, in na rubuta gilashi ban duba ido ba, lasisina za a ƙwace. Je ka kawo ta."

Na fita ina ƙunƙuni. Da na kawo Mama, ashe hawan jinin ido ne ya fara cin ganinta. Nan take ta tura mu asibiti.

Allah ya saka wa matar nan. Ku fa, wa ya taɓa hana ku abu, daga baya kuka gode masa?