Ranar da Na Sa Rigar Saje Haruna

A duk shekarun da na yi ina aikin soja, akwai rana ɗaya da ban taɓa mantawa da ita ba. Ita ce ranar da na kashe mutum ba tare da na taɓa bindiga ba, alhali mutumin yana can Kongo da ransa, yana jera barguna a sito. Ku da kuka shigo aiki a bayanmu kun san ni da furfura da yawan wa'azi. Gara ku ji yadda mai wa'azin ya fara.

Sunana Sule, daga wani ƙauye kusa da Makarfi. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka tura bataliyarmu Kongo aikin kwantar da tarzoma. Ga wanda bai san soja ba, muƙami a hannun riga yake, muna ce masa igiya. Mai igiya ɗaya las kofur, mai biyu kofur, mai uku saje. Wanda ba shi da ko ɗaya shi ne farabiti, ni ke nan.

A gida an ɗauka kullum ina cikin harsashi. Ni na sa suka ɗauka haka, domin wasiƙun da nake aikawa cike suke da daji da abokan gaba. Gaskiyar magana, yaƙina da sitaci na yi shi. Da asuba a busa bigila, mu yi fareti, mu sha shayi, wasu su hau mota su tafi sintiri, ni kuma in hura gawayi a dutsen guga. Ni ne mai wanki da guga na Saje Haruna, mutumin Taba ta ƙasar Kudan. Sau ɗaya na harba bindiga a wata shida, ina gadin rumbun mai, kuma da gari ya waye aka tarar akuyar mutane ce.

Saje yana da rigar fareti da ba ya sawa sai manya za su zo. A cikinta, bayan aljihun hagu, akwai 'yar laya ta jar fata da mahaifiyarsa ta ba shi. Duk wanki sai in warware ta, in an gama guga in mayar in ɗinke. Na san layar nan kamar tafin hannuna. Ku riƙe wannan.

Da wa'adinmu ya cika aka ce za mu koma gida, kowa zai sami hutu. Amma akan bar wasu kaɗan a baya su miƙa kayan sito ga bataliyar da za ta canje mu, Saje Haruna na cikinsu. Ya kira ni ya ba ni ƙunshi, bargo da sabulu da sukari, da wasiƙa ta ajami.

"Taba ba ta da nisa da ku. Ka fara kai wa Iya kafin ka wuce gida. Ka ce mata ina nan tafe bayan wata guda."

"To, Saje."

"Kada ka sha sukarin."

Ban sha sukarin ba. Rigar faretinsa na ɗauka, na cusa a ƙasan jakata. Lissafina shi ne ba zai neme ta ba sai ya iso Kaduna, kafin nan na mayar da ita. So nake in shiga ƙauyenmu da igiya uku, ko wasiƙuna sa yi kama da gaskiya.

Da muka iso Ikko aka ba mu fas na hutu da waranti, wato takardar da ake nunawa a shiga jirgin ƙasa. Kwana biyu muna tafe, ina zaune kan jakata kamar kaza kan ƙwai. A cikin jirgin ne na aikata laifi na biyu, na buɗe wasiƙar Saje. Bayan gaisuwa ya rubuta: "Mai kawo muku wannan Farabiti Sule ne, shi yake wanke mini kaya. Yaron kirki ne, sai dai baki. A ba shi fura." Na ninke ta, na ce ba komai, ai kafin in isa Taba zan tuɓe rigar.

Abokaina suka sauka a Kaduna. Jirgi na tashi na shiga bayi farabiti, na fito saje. A tashar Zariya wasu kurata biyu suka gan ni suka ƙame. Ni da ban taɓa ba kowa oda ba sai akuya, na ce musu su gyara hulunansu. A tashar mota direban lori ya sauko da wani dattijo daga gaba ya ce, "Saje, bismilla." Na hau, ban ko dubi dattijon ba.

Dattijon nan sunansa Malam Tanko, mai sayar da mazarƙwaila. Da muka sauka a Hunkuyi ya ji ina tambayar hanyar Taba da gidan mahaifiyar Saje Haruna, sai ya yi wuf ya ɗauki jakata ya aza a ka.

"Ai ni mutumin Taba ne, ranka ya daɗe. Gidan Iya Kande? Katanga ɗaya ta raba mu."

"Bar shi, Malam, zan ɗan tsaya."

"Haba Saje! A ce babban soja ya zo garinmu da kaya a hannu, ni Tanko ina raye?"

Rigata ta farabiti tana cikin jakar da ke kansa. Duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya ce masa, "Ga Saje daga Kongo." Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sau biyu wani ya durƙusa ya gaishe ni, gaskiyar ta koma ciki.

Mun isa bayan azahar. Tanko ya yi sallama, aka shigar da ni har tsakar gida. Iya Kande tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Da ta ji an ce wani saje ya zo da ƙunshi, sai ta zauna a inda take tsaye. Abin da ban sani ba shi ne mijinta ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, kuma wani saje ne ya kawo mata kayansa a ƙunshe, a wannan tsakar gidan.

Na gaishe ta, na ce Haruna yana lafiya, yana gaishe ta.

"Haka wancan ma ya fara," in ji ta. "Matso, ɗan nan."

Na matsa. Ta miƙo hannu tana shafa kakin, ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta gangaro ƙirji. Yatsunta suka tsaya a bayan aljihun hagu. Ni da na ɗinke layar nan da hannuna ban san sau nawa ba, ban tuna da ita ba sai lokacin.

"Wannan rigar Haruna ce."

Ta ƙara matsa layar da yatsunta.

"Ya rantse mini ba zai rabu da layar nan ba sai in ba rai. Shi ya ba ka da hannunsa?"

Kalma uku kawai ake buƙata, in ce "Sata na yi." Na duba, ga Tanko, ga maƙwabta sun cika ƙofa suna kallon igiyoyina. Na sunkuyar da kai. Iya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," gida ya ɗauki kuka.

Aka fitar da ni zaure, aka shimfiɗa mini tabarma mai kyau. Mutane suna shigowa suna yi mini ta'aziyya, ina amsawa. Wani ya tambaye ni ko ya sha wahala, na ce a'a, wannan kam ban yi ƙarya ba. Tanko yana ba da labarin yadda ya gane tun a mota, wai fuskata fuskar mai ɗauke da mugun labari ce. Aka kawo mini fura, na sha. Wasiƙar tana aljihun wandona duk tsawon lokacin nan. Ina ta ce wa kaina bari mutane su ragu tukuna, su kuwa sai ƙaruwa suke.

Da la'asar ta gabato liman ya zo ya ce tun da babu gawa, bayan salla za a yi masa sallar ga'ib, a aika Kudan a gaya wa dangi. Sai wata mata ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, Talatu tana tambaya, takabar daga yau za ta fara ƙirgawa ko daga ranar da ya rasu? Ta riga ta tsefe kai." Talatu matar Saje ce. Kowane wata ni nake kai wasiƙar da Saje ya rubuta mata akwatin fos.

Liman ya juyo gare ni. "Saje, yaushe ne ya rasu?"

Ba zan ce muku jarunta ce ta tashe ni ba. Ƙarya ce ta ƙare mini. Na ciro wasiƙar na miƙa masa. Ya karanta da ƙarfi, a hankali, irin karatun malamai, har ya zo kan "Farabiti Sule", da "wanke mini kaya", da "sai dai baki". Ya ɗago kai.

"Ina Farabiti Sulen?"

"Ni ne, Malam."

"Rigar fa?"

"Sata na yi. Saje yana nan da ransa. Da na baro shi ƙoshin lafiya yake, yana zagina."

Tanko ne ya fara magana. "A kan mai wanki aka sauko da ni daga gaban mota?"

Na zaci duka za a yi mini, da ma shi aka yi. Iya ta sa aka kira ni ciki. Ta sa na maimaita mata sau uku cewa yana raye, ta sa na rantse. Ta yi kuka, ta yi hamdala, sannan ta ce in tuɓe rigar. Ta sa aka kawo ƙwarya da ruwa da sabulun da na kawo.

"An ce wanki ne aikinka. Ka yi gumi a rigar ɗana. Wanke ta."

A ƙofar gida na wanke ta, ina cikin singileti, mutanen da suka zo jana'iza suna kallo. Na warware layar, na wanke, na shanya, na mayar na ɗinke. Iya ta shafa ɗinkin ta ce, "Hannunka yana da kyau. Me ya kai ka neman aikin wani?" Washegari na shiga ƙauyenmu da hannun riga fayau. Labarin ya riga ni isa.

Sa muƙamin da ba naka ba laifi ne da kan kai soja gadirum, ɗakin da ake kulle masu laifi a bariki, har ya iya rasa aikinsa. Da Saje ya iso Kaduna, bayan ya je gida ya dawo, ya kira ni. Ya dube ni ya ce:

"Shekara goma ina da igiyar nan ban kashe kowa ba. Kai yini ɗaya ka sa ta, ka kashe ni."

Bai kai ni gaban kwamanda ba. Ya ƙara mini wankin kofur biyu har tsawon shekara.

Na sami igiya uku tawa daga baya, lokacin yaƙin basasa. Aikin farko da aka ba ni da ita shi ne in kai kayan wani yaro soja ɗan Ikara da ya rasu ga iyayensa. A ranar na fahimci abin da mutanenmu suke gani idan kaki ya tsaya a ƙofarsu. Mu muna ganin igiya, su kuwa fuskarmu suke dubawa su ji ko nasu yana raye. Ban zauna a tabarma ba, ban karɓi ruwa ba. A tsaye na faɗa wa mahaifinsa, a numfashin farko.

Don haka in an ba ku saƙo zuwa gidan soja, ku faɗe shi tun daga zaure, mai daɗi ne ko marar daɗi. Kuma ku je da rigarku.