Depiten da ya rama noma gona-gona

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar taubashina Arzika, manomin wani ƙauye a gefen Matankari, wanda ya zama depite, wato ɗan majalisa, a farkon samun 'yancin kai. Gara in faɗa tun yanzu, kafin tsofaffin garinmu su riga ni: a labarin nan ni ne wawan.

Da aka kai shi majalisa a Yamai, ni na naɗa kaina sakatarensa. Ba wanda ya roƙe ni. Damina ta faɗi yana can, hatsinsa ya tsiro, haki ya taso masa. Na ga bai kyautu ciyawa ta ci gonar babban mutum ba, sai na je wurin mai gari na ce depite yana son a fito masa noma. Arzika bai aiko ni ba, amma na yi maganar da muryar gwamnati.

A wurinmu gayya roƙo ce. Mai gona yakan bi gida-gida da ƙafarsa, ya dama fura, ya kira maganga su yi kiɗa, kuma ranar da mutanen suka kira tasu gayyar ya je. Ni kuwa shela na sa aka yi. Mutane sun fito, ba wanda ya ƙi. Suka duƙa tun hantsi har la'asar, ba ganga, ba kirari, ba mai zolayar wani. Na tsaya a inuwar gawo ina ganin wannan shirun ladabi ne. Ashe irin shirun da suke yi ne a gonar kumandan, Baturen mulki, lokacin aikin tilas na Nasara, na noma da fasa dutse, wanda tabonsa bai gama warkewa a tafin hannunsu ba.

Arzika ya dawo ya tarar da gona fes, gari kuma ya yi masa sanyi. Masu ce masa Arzika gatsau sun koma ranka ya daɗe, suna cire takalmi tun daga nesa. Matarsa ce ta gaya masa dalili. Bai neme ni da faɗa ba. Washegari ya saɓa kalmensa ya shiga gonar mutum na farko cikin waɗanda suka yi masa noma, ya nome masa yini guda. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har maimai, noma na biyu, ya wuce, tasa gonar ta koma hannun haki. A shekarar rumbunsa bai kai rabi ba. Amma kafin kaka, tsofaffi sun koma kiransa da sunansa, har da mai ce masa kunyar da ya ja a gona ba ta miƙe ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Gayya ta ja baya, samari sun tafi ci-rani, manyanmu kuma sai a bayan gilashin mota muke hangensu. Ba na zargin kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban tuna jawabinsa ko ɗaya na majalisa ba, ban kuma san wanda ya tuna ba. Abin da ya saura shi ne jikokin mutanen nan suna nuna wa baƙo gona su ce depite ya taɓa duƙawa a nan.

Ni dai ban yi shiru da wuri ba. Wata rana na same shi a gonar wani, gumi ya jiƙe shi, na ce yana zubar da girman kujera, kuma ni da na yi aji uku a lakwal, makarantar boko, na fi shi sanin yadda ake tafiyar da mulki.

Ya miƙe, ya share goshi, ya dube ni.

"Taubashi, aji uku kurum ka yi, ka maido muna aikin tilas. Allah shi saka ma wanda ya kore ka daga lakwal. Da ka kai aji shida, da yanzu duk Arewa na fasa dutse."