Haruffan da Arkhip Lukich ya ƙi narkewa

A bakin kakata Zoya na fara jin sunansa, ina shekara shida. Na fita cikin ƙanƙara ba safar hannu, ta finciko ni. "So kike ki koma Arkhip Lukich, mai yatsu takwas?"

Ashe ƙanenta ne, maƙeri. Shi ke hawa rufin tashar garinmu ya kafa sunan gari da manyan haruffan ƙarfe. A garin namu, Rybinsk, aka haife shi. Yana koyon aiki aka ce sunan garin ya koma Shcherbakov, aka narke haruffan maigidansa yana kallo. Bayan shekara sha ɗaya aka ce a'a, Rybinsk ne, ya ƙera sababbi da hannunsa. A 1984 wani babba ya mutu a Mosko, sai ga takarda: daga yau sunanmu Andropov, sunan mamacin.

Shugabansa a wurin aiki, Gennadi Fomich, ya ce, "Sauke haruffan Rybinsk yau, gobe su shiga wuta."

"Cikin wannan sanyin?"

"Takarda ba ta san sanyi ba, Lukich. Hau!"

Kusoshin sun yi tsatsa, safa ba ta kama su, ya cire ta. Yatsu biyu suka mutu, aka yanke. Haruffan kuwa ya binne su ƙarƙashin dankali a ramin ajiyarsa, ya aika wa wuta tsofaffin bututu. Da an gano, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi.

Shekara biyar, aka mayar mana da Rybinsk. Sai ga Gennadi Fomich a ƙofa, har da kwalbar giya. "Lukich, ɗan'uwana! An ce akwai abin da ka manta ka narke." Jarida ta buga hotonsa rungume da haruffan, wai shi ya ceci sunan garinmu. Arkhip na gefe, gwiwar hannunsa kaɗai ta fito. Jaridar tana wurina.

Da ƙafa ta fara gagarar Arkhip, ya kai ni ramin ya ɗaga wani buhu. Haruffan Andropov ne, takwas cif. Su ma da aka sauke su, ɓoye su ya yi.

"Tasya, kada ki ba masu sayen tsohon ƙarfe. Ki riƙa shafa musu mai duk shekara. Na san mutanen nan, za su dawo nema, kuma ba na so yaron wani ya sake wahalar ƙerawa."